Gona a Madarunfa, rumbu a ƙetare

A cikin watan Maris na 2017, mujallar likitoci ta Amurka mai suna New England Journal of Medicine ta buga sakamakon wani gwaji da ya shafi jarirai 3508. An raba su gida biyu: rabi aka ɗiga musu sabon maganin rigakafin gudawar da ƙwayar cutar rota ke kawowa, rabi kuma aka ɗiga musu abin da babu magani a cikinsa, domin a auna bambanci. Kamfanin Serum Institute na Indiya ne ya haɗa maganin, kuma darajarsa ita ce yana jure zafi, ba ya lalacewa don an rasa firiji. Lissafi ya nuna cewa ya rage gudawa mai tsanani da kashi biyu cikin uku. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Wannan gwaji, wanda aka soma a 2014, a cikin gundumar Madarunfa aka yi shi.

Iyayen Madarunfa ne suka goyo ƴaƴansu zuwa gidajen likita. Ma'aikatan jinya da likitocin Nijar sun yi aiki a ciki, kuma sun cancanci yabo. Amma jagorancin binciken da kuɗinsa daga waje suka zo, ta hannun cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitoci ta MSF. Babu laifi a nan: yaran duniya sun amfana, na Nijar ma haka. Sai dai akwai tambayar da ya kamata ta hana dattawan gundumar barci. Yaushe ne ɗan Gabi, ko ƴar Safo, ko ɗan Sarkin Yamma zai zama shi ne mai tsara irin wannan bincike, mai neman kuɗinsa, mai sa hannu a kansa na farko? Ƙasar da ake nome gonarta, a kai damman hatsin rumbun wani gari, ko da ana aiko mata da zakka, ba ta mallaki abincinta ba.

Hanyar zuwa wannan matsayi sananniya ce. Bayan lisans ta shekara uku akwai mastar ta shekara biyu, sannan doktora ta shekara uku ko fiye. Ɗan talaka ba ya iya ɗaukar nauyin wannan tafiya, musamman a kimiyya da injiniyanci, inda karatu ke buƙatar ɗakin gwaje-gwaje da kayan awo. Don haka ne duniya ta ƙirƙiro tallafin bincike. Ana ba da shi ta hanyar gasa, kuma gasar tana da ƙa'idojin da ake iya koyo. Abin da ya fi hana ƴaƴan wannan yanki cin ta shi ne rashin shiri da rashin ƴan kuɗin shiga fili. Waɗannan biyun kuwa suna cikin ikon ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnatin jahar Maraɗi.

Burs iri biyu

A Nijar, da an ce burs, abin da ke zuwa a zuciya shi ne kuɗin da gwamnati ke ba ɗalibi ya ci abinci, ya biya ɗaki. Tarihinsa akwai jini a ciki. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, ɗalibai suka fito suna adawa da matakan tsuke bakin aljihu da suka taɓa ilimi, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka mutu. Wannan rana na cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga Babban Taron Ƙasa na 1991. Bayan karya darajar sefa a Janairun 1994, bashin burs da yajin aiki suka zama ruwan dare, shekarun karatu suka riƙa tashi a tutar babu. Tun daga lokacin, maganar burs ta zama maganar haƙƙi: ɗalibi ya cika sharaɗi, hukumar ANAB ta sa sunansa, idan an yi jinkirin biya ƙungiyar USN ta ɗaga murya.

Wannan gwagwarmaya tana da dalilinta. Amma ta bar wata al'ada a kwakwalwar iyaye da ɗalibai, wato jiran jerin sunaye. Tallafin bincike wata dabba ce dabam. Babu wanda ke bin wani bashinsa. Masu ba da shi suna da kuɗi ƙayyadadde, suna neman wanda zai mayar musu da kuɗin ya zama sabon sani. Alƙalansa malaman jami'a ne da ke zaune a Nairobi, ko Akara, ko Jidda, waɗanda ba su san mahaifin ɗan takara ba, ba su san jam'iyyar kawunsa ba. Zanga-zanga ba ta motsa su, wayar babban mutum ba ta isa gare su. Ga ƙasar da ta saba da "wa ka sani", wannan labari ne mai daɗi: ɗan mai sayar da rake a kasuwar Ɗan Isa da ɗan minista takarda ɗaya ake auna su da ita. Amma idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Ƙofofin da ba a ƙwanƙwasawa

Shekara da shekaru, ɗalibin Nijar mai kaifin basira fuska ɗaya yake kallo, wato Faransa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, ɗaliban da suka riga suka samu gurbi suka maƙale da jakunkunansu a ɗaure, kuma a Janairun 2024 aka rufe ofishin jakadancinta. Kowa da ra'ayinsa game da wanda ya jawo haka. Darasin dai ɗaya ne: mai ƙofa guda, ranar da ta ƙi buɗuwa a waje zai kwana.

Alhali akwai wasu ƙofofi, kuma wasu sun fi Paris kusa. Asusun RSIF, wanda wasu gwamnatocin Afirka suka kafa tare da Bankin Duniya da Koriya ta Kudu, cibiyar icipe ta Nairobi ke riƙe da shi, ya soma ɗaukar ɗaliban doktora a 2018. Fannoninsa biyar ne: kwamfuta da sarrafa bayanai, wadatar abinci, ma'adinai da injiniyancin kayan ƙira, makamashi, da sauyin yanayi. Yana fifita mata da matasan malaman jami'a waɗanda ba su kai ga doktora ba. Cikin jami'o'in da aka zaɓa su karɓi ɗalibansa akwai Jami'ar Bayero ta Kano, ta hannun cibiyarta ta nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Kano ce fa, wadda direbobin Maraɗi suka san kowane rami na hanyarta.

Shirin WASCAL, wanda Jamus ta zuba wa kuɗi, ya raba makarantun nazarin sauyin yanayi tsakanin jami'o'in Afirka ta Yamma, kuma Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ce ta samu ɓangaren makamashi. Cibiyar AIMS, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, ta buɗe reshe a Mbur ta Senegal a 2011, tana koyar da lissafi mai zurfi ga waɗanda suka ci gasarta ba tare da sun biya ko dala ba. Kwalejin masana ta TWAS, wadda Abdus Salam, ɗan Pakistan mai lambar Nobel, ya kafa a Tiriyesta ta Italiya a 1983, ta daɗe tana haɗa ɗaliban ƙasashe matalauta da ɗakunan bincike na Indiya da Sin da Burazil da sauransu. Ƙungiyar OWSD ta yi wa mata masu kimiyya irin wannan hidima tun 1998. Bankin Musulunci na Jidda, wanda Nijar ke cikin membobinsa, yana da nasa tallafin. Hukumar DAAD ta Jamus ma haka. Kowane ɗaya da lokacinsa da sharuɗɗansa, kuma sharuɗɗan suna sauyawa daga shekara zuwa shekara. Sanarwar bana ita ce hujja, ba labarin wanda ya nema bara ba.

Abin da alƙalai ke dubawa

Ko da yake sun bambanta, kusan dukkan waɗannan gasa abu biyar suke nema a cikin dosiye.

Na farko, takardun sakamako, daga bak zuwa digirin ƙarshe, da hatimi, wani lokaci da fassara ta mai fassarar da aka rantsar. Nan ne ɗan Nijar ke fara tuntuɓe. Idan shekarar karatu ta yi jinkiri, ko takardar shaida ta daɗe tana jiran sa hannu, ranar rufe gasa ba ta jira. Na'ura ce ke rufe ta, da tsakar dare, kuma na'ura ba ta san "don Allah" ba.

Na biyu, tsarin bincike. Wannan shi ne zuciyar dosiye. A cikin shafi biyu zuwa biyar, ɗan takara zai faɗi tambayar da yake son amsawa, abin da waɗanda suka gabace shi suka gano, giɓin da suka bari, yadda zai auna abin da yake son aunawa, da watannin da kowane mataki zai ci. Kuskuren da ya fi yawa shi ne faɗin baki. Wanda ya rubuta cewa zai yi nazarin sauyin yanayi a Sahel ya gaya wa alƙali cewa bai san inda zai sa ƙafa ba. Wanda ya ce zai auna zurfin ruwan rijiyoyi kaza a fadamar Gulbin Maraɗi cikin damina biyu, ya kwatanta da lokacin da ake sako ruwa daga madatsar Jibiya, ya nuna cewa yana da aiki a hannu. Makarantar Nijar ta gaji salon rubutu mai ado, mai doguwar gabatarwa. Alƙalin kimiyya yana da dosiye tuli a gabansa. Abin da yake so shi ne ya gane tambayar tun a sakin layi na farko.

Na uku, wasiƙun shaida daga malamai biyu ko uku. Da yawa suna zaton girman muƙamin mai sa hannu ne ke aiki, sai su bi shugaban jami'a ko wani tsohon minista da bai taɓa ganin rubutunsu ba. Wasiƙar ƙaramin malamin da ya kula da aikin mastar na ɗalibi, wanda zai iya cewa ga abin da yaron nan ya yi ranar da na'urar awo ta lalace, ta fi wasiƙar babban mutum mai layi uku nauyi. Kuma malami yana buƙatar makonni, ba daren rufewa ba.

Na huɗu, malamin da zai karɓi ɗalibi a can. Gasa da dama suna son a haɗa da takardar amincewarsa. Ana samun wannan ta hanyar karanta abin da malamin ya wallafa, sannan a rubuta masa gajeriyar wasiƙa mai nuna inda aikinsa ya haɗu da tambayar ɗalibin. Wasiƙa ɗaya da aka aika wa mutum hamsin, kowa na gane ta, kuma kwandon shara take ƙarewa.

Na biyar, Ingilishi. So ko ƙi, da shi ake buga mafi yawan binciken kimiyya a yau. Dokar sake gina ƙasa ta Maris 2025, wadda ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ta sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Madarunfa tana da gatan da Yamai ba ta da shi: Katsina na bayan gida. Abin mamaki ne a ce shanu da buhunan wake suna ƙetare iyakar Ɗan Isa kowace rana, amma ɗalibin kimiyya bai taɓa yin wata uku a Katsina ko Zariya yana gyara harshensa ba.

Duk wanda ya haɗa waɗannan biyar zai ga cewa aikin shekara guda ne cur. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma faɗuwa a karon farko ba abin kunya ba ce: gurabe kaɗan ne, masu nema dubbai, kuma da yawa cikin waɗanda suka ci sun sha kaye kafin nan, suka gyara, suka koma.

Tambayoyi na nan a ƙofar gida

Inda ɗan Madarunfa ya fi ɗan babban birni shi ne abu na biyu, wato tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tafkin Madarunfa ya shiga jerin wurare masu dausayi na yarjejeniyar Ramsar a 2019, kuma masunta sun daɗe suna kukan yashi da laka na cike shi. Nawa yake cikewa a shekara, daga wace ƙorama, me zai tsayar da shi? Aikin masanin ruwa da ƙasa ke nan. Gulbin Maraɗi daga Nijeriya yake fitowa, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya gudunsa ya sauya. A 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kansa. Amma ƙasar da za ta zauna teburin rabon ruwa ba ta da nata alƙaluman awo, da na abokin zamanta za a yi mata hukunci. Manoman rani na Jiratawa suna jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa da injin, kuma kuɗin wuta na cikin abin da ke cinye ribarsu: ga aiki ga injiniyan hasken rana. Dajin Baban Rafi yana ciyar da murhunan Maraɗi da itace: ga aiki ga masanin daji.

Ranar 7 ga Nuwamba 2021, ramin haƙar zinariya ya rufta a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka rasu. Washegari, 8 ga wata, gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makarantar firamare a birnin Maraɗi, ta ci yara aƙalla 25. Allah ya jiƙansu. An yi ta'aziyya, an yi jawabai. Amma yadda ake tokare rami a cikin irin wannan ƙasa, da yadda za a gina aji mai araha da kayan gida wanda wuta ba ta lashe shi cikin minti biyar, tambayoyi ne na injiniya, kuma akwai masu ba da kuɗi don a amsa irinsu.

Ba mafarki ba ne, domin an taɓa yi. A tashar INRAN ta Tarna, masana irin su Ibrahim Bawa, wanda ya zama malami a Jami'ar Maraɗi, sun yi aiki da Jami'ar Purdue ta Amurka a kan buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS: leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne dabam, ƙwarin wake su shanye iskar da ke ciki su mutu, ba tare da an zuba guba ba. Duk ɗan kasuwar da ya ajiye wake daga kaka zuwa bazara, ya sayar da shi ba huji, ya ci ribar wannan bincike, ko ya sani ko bai sani ba. A nan kuma aka ƙware wajen kiwon wani ɗan ƙaramin zanzaro da ake sakewa a gonaki domin ya kashe tsutsar zangarniyar hatsi. Haka nan sassaben zamani, wanda ya samo tushe a yankin Maraɗi a shekarun 1980: manoma suka yi aikin, amma sai da masana suka auna da hotunan tauraron ɗan Adam kafin duniya ta yarda cewa kadada wajen miliyan biyar ta sake yin itatuwa.

Masu cewa a'a

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Wasu na cewa ƙasar da yaranta ke karatu a rumfar zana ba ta da bakin maganar doktora. Amsa ita ce, kuɗin da ake magana a kai ba daga kason firamare za a cire shi ba: yana can ajiye a asusun wasu, kuma idan ɗan Nijar bai nema ba, ɗan Gana ko ɗan Kenya zai ɗauka. Bugu da ƙari, malamin lissafi na kwaleji wani ne ya koyar da shi a jami'a, shi kuma wancan sai da doktora. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, ba za ta iya yaye injiniyoyi da likitoci fiye da adadin malaman da take da su ba.

Wasu kuma na cewa duk wanda ya tafi ba ya dawowa. Gaskiya ne wasu sun tafi ke nan. Amma yana da kyau a duba su wa suka dawo, da abin da ya dawo da su. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, ya yi karatu a Faransa da Tarayyar Sobiyet. Ya dawo, ya riƙe ofishin makamashin rana na ONERSOL tun daga 1969, ya shugabanci Jami'ar Yamai, ya rasu a 1991. Tambayarsa, wato yadda za a sa rana ta yi wa talaka aiki, a Sahel take da gida, kuma ƙasarsa ta ba shi ɗakin gwaji. Ɗan Dikko Ɗankulodo, ɗan Maraɗi masanin sinadarai, ya dawo ya riƙe ma'aikatar ilimi. Wanda ya tafi da tambayar gida, aka kuma tanadar masa wurin aiki, igiya biyu ke janyo shi. Shi ya sa da yawa cikin shirye-shiryen yanzu suke rajistar ɗalibi a jami'ar Afirka, su tura shi waje na ƴan watanni ko shekara ɗaya zuwa biyu, ya dawo ya kammala.

Rabon aiki

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa da nasa ɓangaren.

Alhazan Maraɗi sun shahara da alheri. Sun gina masallatai, sun biya wa mutane kujerar Makka, sun ciyar a watan azumi. Akwai wata sadaka mai gudana da ba a cika tunawa da ita ba. Tallafin bincike, idan an ci shi, yana biyan kuɗin makaranta da na zama na shekaru. Amma kafin a ci shi akwai ƙananan kuɗi da ke karya ɗan talaka: fasfo, fassara da hatimin takardu, kuɗin intanet, kwamfutar hannu, motar zuwa Yamai, da jarrabawar Ingilishi, wadda kuɗinta kan kai albashin wata na ƙaramin ma'aikaci ko ya wuce. Ɗan kasuwa ya fi kowa gane wannan lissafi: a sa ƙaramin jari domin a jawo babba. Asusu guda na gunduma, wanda ƴan kasuwa za su zuba wa kuɗi, malaman jami'a su zaɓi ɗalibai goma a shekara bisa sakamakonsu, a liƙa sunaye da kashe-kashen kuɗi a bango kowa ya gani, ba zai kai kuɗin bikin aure ɗaya na manyan gari ba. Sharaɗinsa ɗaya: kada mai bayarwa ya zama mai zaɓe. Ranar da aka ce sai ɗan wane, asusun ya mutu. Kuma a tabbata akwai ƴan mata a ciki, tun da akwai ƙofofin da su kaɗai aka buɗe wa.

Ma'aikatan gwamnati kuwa, a hannunsu lokaci yake. Sanarwar tallafi da ta kwana wata guda a aljihun tebur, sai saura kwana uku a fito da ita, sata ce, ko da ba a taɓa ko tamma ba. Wanda ya ɓoye ta don ɗan ɗakinsa ya cuci ƙasa sau biyu: ya hana mai iyawa, kuma ɗan ɗakin nasa zai faɗi a gaban alƙalan da ba su san shi ba. Abin da ake buƙata ba ya cin kasafi: a karanta kowace sanarwa a rediyon gari ranar da ta iso, a ƙayyade kwanakin da takardar sakamako za ta fito, a ba injiniyan ma'aikatar ruwa ko ta noma hutun karatu ba tare da ya durƙusa wa kowa ba. Ma'aikatu kuma suna da tarin alƙaluman ruwan sama, da na rijiyoyi, da na amfanin gona, waɗanda gara ke ci a cikin kabad. A buɗe su ga ɗalibai.

Malaman jami'a da suka taɓa cin irin wannan gasa su ne maƙeran da suka san sirrin wuta. Zama ɗaya a wata, a karanta tsarin binciken ɗalibai, a yi musu jan biro ba sani ba sabo, zai yi amfanin da taron bita goma na otal ba su yi ba.

Saura gwamnati. A 2006, a Hartum, ƙasashen Tarayyar Afirka suka yi alƙawarin kashe kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da suke samarwa a kan bincike. Kusan babu wadda ta cika. Nijar tana haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, tana fitar da man Agadem tun 2011, kuma a 2025 ta ƙwace kamfanin SOMAIR ya zama nata. Maƙwabciyarta Nijeriya ta kafa asusun PTDF tun 1973 domin horar da ƴaƴanta a kimiyyar man fetur. Duk mai maganar ƴancin kai da mallakar arzikin ƙasa, wannan ita ce jarrabawarsa. Ana iya karɓe mahaƙa da doka a rana ɗaya. Injiniyan da zai tafiyar da ita kuwa, daga bak zuwa doktora, shekara takwas yake ci idan komai ya tafi daidai. Ƙasar da ba ta shuka shi ba za ta sallami wani baƙo ne kawai ta ɗauko wani baƙon.

Masu bincike za su ci gaba da zuwa Madarunfa, domin tana da tafki, da fadama, da daji, da iyaka, da cututtukan da duniya ke son ganewa. A yi musu maraba. Amma a wannan shekara akwai yaro ko yarinya a kwalejin Madarunfa ko ta Ɗan Isa da malamin lissafi ya riga ya gane cewa ba kamar sauran ba ne. Ko nan da shekara goma sha biyar zai riƙa riƙe wa baƙo jaka yana yi masa tafinta, ko kuwa shi ne zai gayyato baƙon, wannan hukunci ba a Paris ko Nairobi za a yanke shi ba. A kantunan kasuwar Maraɗi da teburan ofisoshinta ake yanke shi, tun yanzu.